Sarewar Dakta Kubura

Da hantsi, sa'ad da hasken rana ya ratsa ruwa ya sauka har kan yashin ƙasa, Sarewa takan ɗaga murya. Kunnen ɗan Adam ba ya kama abin da take faɗa. Sai in mutum ya ɗora tafin hannunsa a kan gilashin ajin ƙarƙashin ruwa ne zai ji wata kaɗawa tana bin ƙashinsa har zuwa haƙora. Kifi kuwa suna jin ta sarai. Ba a jimawa sai ruwan ya yi duhu daga nesa kamar hadari ya haɗo, sannan duhun ya matso ya fashe, ya zama 'ya'yan kifi bila adadin, wasu ba su kai farcen yatsa ba, suna kewaya ginshiƙan lasifikar da aka kakkafa a tsakanin duwatsu.

A daidai wannan lokacin Dakta Kubura Lawandi ta fi son shigowa aji. Takan tsaya a bayan ɗalibai, ta bar su su gama sakin baki, sannan ta fara darasi. Ita ta ƙirƙiro na'urar, ita ta raɗa mata suna, kuma ba ta gajiya da kallon fuskar baƙo ranar da ya fara ganin aikinta.

Cibiyar Nazarin Teku tana kan Tsibirin Murjani ne, can cikin ruwa, tafiyar wuni a jirgin lantarki daga gaɓa. Bayan teku ya cinye tsofaffin unguwannin bakin ruwa, ƙasashen yankin suka haɗa hannu suka gina ta, gari kuma ya tsiro a gefenta: gidaje a kan tankuna masu iyo, tituna masu lilo in igiyar ruwa ta motsa, da mutum-mutumi da ke wuni suna kankare gishiri daga jikin ƙarafa. Ɗalibai suna zuwa daga Kano da Damagaram da Tamale da Garwa, da yawansu ba su taɓa ganin ruwan da ya wuce madatsar garinsu ba. Kubura kanta 'yar Yawuri ce, a bakin kogin Kwara ta tashi, sai da ta girma ta ɗanɗana ruwan gishiri.

Abin da ta gina aikinta a kai sananne ne ga masana. 'Ya'yan kifin teku ba sa girma inda aka haife su. Da sun ƙyanƙyashe sai ruwa ya kwashe su ya yi tsakiyar teku da su, su yi ta yawo har jikinsu ya yi ƙwari, sannan su nemi wurin zama. Ba da ido suke nema ba, da kunne ne. Tudun murjani mai rai wuri ne mai hayaniya, kuma hayaniyar ce ke gaya musu ga gida. Wanda ya mutu shiru yake yi, babu mai leƙa shi. Tudun da ke gindin tsibirin ya daɗe da mutuwa saboda zafin ruwa tun kafin Kubura ta zo. Sai ta tafi Tudun Uwa, wanda shi kaɗai ya rage da rai a yankin, wanda kuma masuntan garin da na gaɓa duk daga gare shi suke ci, ta naɗo muryarsa da wata na'urar sauraro da suke kira kunnen-ruwa, ta zuba wa wata ƙwaƙwalwa mai koyo da kanta. Ƙwaƙwalwar tana busa, tana duba da idanunta yawan kifin da ya amsa, tana gyara murya. Cikin 'yan shekaru Sarewa ta iya kiran da babu wani tudu a duniya da ya iya shi.

Sunan Kubura ya zagaya. Farfesa Tanko Jibo, shugaban cibiyar, ya sa aka rubuta shi da farin ƙarfe a ƙofar ajin, ƙasashe kuma suka shiga layi a kafa musu irin na'urar a ruwansu.

Akwai abu ɗaya da takan gani ta kawar da kai. Kifayen da ke gaban gilashi kullum ƙanana ne. Shekara ta zagayo, wata ta biyo, ba ta taɓa ganin garken manya ba. Takan gaya wa kanta cewa manyan suna cikin lunguna, ko sun yi gaba bayan sun ƙoshi. In tunanin ya matsa mata, sai ta ƙara wa kanta aiki.

Cikin masu neman digiri na biyu a hannunta akwai Nafi'u Sahabi, mutumin Birnin Kudu. Ba yaro ba ne. Ya yi shekaru yana koyar da ilimin halittu a sakandare kafin ya ajiye aikin, ya bar matarsa da ciki a gidan iyayenta, ya taho. Mutum ne mai sanyin magana, amma in ya kama tambaya ba ya saki. Kubura ta koya wa ajinsu karanta dutsen kunne, wani ɗan ƙashi da ke cikin kan kifi wanda yake ƙara zobe kowace rana, kamar yadda kututturen itace ke yi duk shekara. In aka sa shi a ƙarƙashin madubin ƙara girma, ana iya sanin kwanakin kifin, har da lokacin da ya ƙoshi da lokacin da ya sha yunwa. Ta ba su aiki kowa ya kamo kifi daga gindin Sarewa ya karanta. Sauran suka kama kaɗan, suka rubuta abin da suka san ana son ji. Nafi'u ya yi makonni a kai, har ya nutsa ya tono yashin da ke gindin ginshiƙan.

Ranar gabatar da aikin ta zo daidai da ziyarar wakilan ƙasashen da za a kai wa Sarewa. Farfesa ya zaunar da su a bayan aji don su ga yadda ake karatu. Da layi ya zo kan Nafi'u, ya miƙe ya gaishe da kowa, ya haska hotunansa a allo. Zobban farko na kowane dutse masu faɗi ne, alamar lafiya. Daga ranar da kifin ya iso tsibirin sai su fara matsewa, su yi siriri, su tsaya. Ya ce duk kifin da ya buɗe, cikinsa wayam. Yashin da ya tono kuwa, kusan rabinsa duwatsun kunne ne.

"Malama, da izininki," in ji shi, yana kallon ƙasa. "Suna zuwa, amma ba sa rayuwa. Tudun nan ba shi da abin da zai ba su. Waɗanda muke gani yau ba su ne na makon jiya ba. Abin da ya fi damuna shi ne, in duk nan suke zuwa, su wa ke zuwa Tudun Uwa?"

Kubura ta ji kamar an fizge mata mayafi a tsakiyar kasuwa. Tun bai rufe baki ba ta san gaskiya ya faɗa, don abin da ta daɗe tana gudu ne ya zo ya tsaya a gabanta. Ta dubi baƙi, ta dubi Farfesa, ta ga ya ɗaure fuska. Sai ta yi murmushi. Ta tambayi Nafi'u ko yaushe ya fara ganin teku a rayuwarsa. Ta ce kifin teku ba tarwaɗar rafin garinsu ba ce, kuma duk wanda bai iya adana samfuri ba, yunwa zai gani a kowane dutse. Wasu ɗalibai suka yi dariya, baƙi suka saki jiki. Nafi'u ya tsaya ɗan lokaci, sannan ya kashe allon ya koma ya zauna.

Da a nan ta tsaya, da sauƙi. Amma tsoro bai bar ta ba. Washegari ta kai ƙara gaban kwamitin ladabtarwa cewa ya tona filin bincike ba tare da izini ba. A ƙa'ida laifi ne, ita kuma ta san babu wanda aka taɓa kora saboda shi. Aka kore shi. Ranar da zai tafi ya zo ofishinta yin sallama, ta sa na'urar ƙofa ta ce masa tana taro. Ta taga ta hango shi yana saukowa matattakalar tashar jirgi da jakarsa a kafaɗa, ta ja labule, ta zauna ta kasa taɓa aikin da ke gabanta.

Watanni suka wuce. Ta ci gaba da shiga aji da hantsi, amma ta daina tsayawa kusa da gilashi. Abinci ya daina yi mata daɗi, musamman kifi. In ta idar da salla takan daɗe zaune, ta rasa ta inda za ta fara roƙo.

Bayan damina shugabannin masunta suka kawo kuka wurin Farfesa. Suka ce taru yana fitowa daga Tudun Uwa da ciyawa maimakon kifi, matan da ke bandar kifi sun fara rufe murhu, samari kuma suna sayar da kwalekwale suna barin gari. Farfesa ya kira Kubura, ya ce ta rubuta musu bayani cewa ɗumamar ruwa ce, tunda kowa ya san ita ke kashe murjani. Ta ce gara ta je ta auna da kanta. A zuciyarta addu'a take yi Allah ya sa ta tarar da ruwan da zafi.

Da sassafe ta shiga jirgin nutso mai ɗaukar mutum ɗaya. Da ta iso Tudun Uwa ta fara duba ma'aunin zafi, ta ga ruwan lafiya lau. Sannan ta kunna fitila. Wurin da ta sani da launuka, ja da ruwan ɗorawa da shuɗi, yanzu gansakuka ta lulluɓe shi kamar jiƙaƙƙen bargo. Dalilin ba ɓoyayye ba ne ga mai iliminta. Ƙananan kifaye ne ke kiwon gansakuka su hana ta shaƙe murjani. Tsofaffinsu sun ƙare, sababbi ba su zo ba, don duk an kira su wani wuri. Wani tsohon kifi guda ya wuce ta gaban fitilar a hankali, bai ko kula da ita ba.

Ta saki kunnen-ruwa, ta sa abin ji a kai. Da farko ba ta ji komai ba sai numfashinta. Da ta ƙara ƙarfin na'urar, sai ga wata murya daga nesa, tsaf, babu gargada, tana ratso ruwa daga wajen tsibiri. Sarewarta ce. Har nan take isowa, kuma a duk faɗin wurin babu wani abu mai amsa mata.

Kubura ta cire abin jin, ta rufe fuskarta da hannu biyu, alhali babu mai ganinta. A haka ta zauna har jirgin ya fara gargaɗin iska ta kusa ƙarewa.

Da ta dawo ba ta ko canza kaya ba ta wuce ɗakin sarrafawa ta kashe Sarewa. Daga nan ta hau ofishin Farfesa, ta faɗa masa komai a tsaye. Ya saurare ta, ya cire tabarau ya ajiye, ya tambaye ta ko ta san abin da wannan magana za ta yi wa cibiyar.

"Na sani, ranka ya daɗe."

"To tun yaushe kika gane?"

Ta so ta ce yau. Bakinta ya ƙi. "Na daɗe ina zargi," ta ce. "Ranar da Nafi'u ya yi magana kuwa, na tabbata."

Farfesa ya daɗe yana kallon tebur. Shi ma akwai sa hannunsa a kan takardar korar, kuma dukansu sun san haka. Daga ƙarshe ya ce a dakatar da jigilar na'urorin, ita kuma ta shirya, don ita za ta yi wa mutane bayani da bakinta.

Ta yi wa ɗalibai bayani a babban zaure. Waɗanda suka yi dariya ran nan suka sunkuyar da kai, ita kuma ta ga cewa har wannan kunyar ita ta ɗora musu. Ta roƙi a cire sunanta daga ƙofar aji, aka turo mutum-mutumi ya kwance shi, ya bar ramukan kusoshi. Amma taron masunta ya fi mata nauyi. A rumfar kasuwar kifi aka yi shi, tsakanin teburan da babu komai a kansu. Ta shirya wa zagi, ta ma so a zage ta. Babu wanda ya yi. Bayan ta gama, wata dattijuwa mai banda, wadda hayaƙi ya rina wa tafin hannu, ta gyara zama ta ce, "To 'yata, mun ji. Yanzu da kika kashe abin, yaushe za su dawo?" Kubura ta ce mata in sha Allahu da zuwan sabuwar ƙyanƙyasa. Har ga Allah a lokacin haka ta zata.

A wannan makon ta kira Nafi'u. Ya ɗauka a farfajiyar makarantarsa ta dā, ana jin hayaniyar yara a bayansa. Ya gaishe ta da ladabi kamar babu abin da ya faru, ya tambayi lafiyar Farfesa da 'yan ajinsu. Ta tambayi iyalinsa, ya ce an sauka lafiya, mace aka samu. Sannan ta faɗi abin da ya sa ta kira: an soke korar, gurbinsa yana nan, kuma duk abin da ya faɗa gaskiya ne.

"Nafi'u, na zalunce ka. Tun kana tsaye a gaban allo na san ba ka yi kuskure ba."



"Na san kin sani, Malama," ya ce. "A fuskarki na gani. Shi ne abin da ya fi yi mini ciwo, don ke kika koya mini karanta dutsen."

Ya ce ya yafe mata duniya da lahira, amma ba zai dawo ba. Da ƙyar aka mayar da shi aikinsa, ga jaririya, kuma ba ya jin zai iya sake zama a wannan ajin. Ta ce ta fahimta. Bayan sun yi sallama ta daɗe riƙe da wayar, tana jin yafiyar ta fi mata zafi fiye da duk abin da ta yi tsammani.

Sabuwar ƙyanƙyasa ta zo a kan lokacinta. Na'urorin sa ido da aka baza a ruwa suka nuno 'ya'yan kifi suna tasowa daga tsakiyar teku kamar kullum. Suka iso yankin, suka yi ta kewaye a sarari, ba su nufi tsibiri ba, ba su nufi Tudun Uwa ba. Babu mai kiransu. Tudun Uwa ya yi shirun da ba ya iya jawo ko ɗaya. Kubura da sauran malamai suna zaune gaban allo suna kallo har igiyar ruwa ta kwashe garken duka ta yi kudu da shi, inda babu tudu babu mafaka. Kifin shekara guda ya tafi a banza, wannan karon saboda ta kashe na'urar.

Wani malami ya kawo shawara a kai lasifika Tudun Uwa a busa masa muryarsa ta asali, wadda aka naɗo tun farko, a hankali, har ya farfaɗo. Aka shiga ƙwaƙwalwar Sarewa neman ta. Ba a same ta ba. Ashe duk gyaran da na'urar ta yi, a kan tsohuwar murya take rubuta sabuwa. Kubura ba ta taɓa ajiye ta farkon a wani wuri dabam ba, don a lokacin ba ta ga amfanin ajiye abin da aka riga aka fi shi ba.

Saboda haka ba su da zaɓi. Aka tumɓuke ginshiƙan daga gindin tsibiri, aka ja su zuwa Tudun Uwa. Malamai da ɗalibai da masunta da mutum-mutumi suka yi watanni suna kankare gansakuka da hannu. Sannan Kubura, da yatsan da ta kashe ta da shi, ta sake kunna Sarewa. Kifi suka amsa. Wasu sun rayu, taru ya fara fitowa da ɗan abin miya. Amma duk sa'ad da aka gwada rage muryar don a ji ko tudun ya fara magana da kansa, sai a tarar da shiru, a yi maza a mayar. Aka kafa tashar gadi a kan ruwa, aka raba aiki, kowane ɗalibi da malami yana da ranarsa, domin in na'urar ta tsaya a lokacin ƙyanƙyasa, an yi asarar shekara. Cibiyar da aka gina don a fahimci teku ta koma rabin aikinta jinyar inji ɗaya.

Kubura ta nemi a ba ta ɗalibai 'yan shekarar farko, ta kuma fi kowa yawan kwanakin gadi. A kan dandalin tashar take yi musu darasi yanzu, ƙarfe yana kaɗawa a ƙarƙashin ƙafafunsu. Darasin farko kullum labarin abin da ta yi ne, ba ta rage komai, ba ta kuma taɓa iya faɗarsa tana kallon idon kowa ba.

Wata rana da ta gama, wata ɗaliba 'yar Damagaram mai suna Zulai ta ɗaga hannu.

"Malama, ke kin ji muryar tudun ta gaske. Yaya take?"

 Kubura ta ce kamar an zuba ƙosai a mai mai zafi, ƙarar jatan lande ke nan; a ƙarƙashinsa akwai gurnani irin na kwaɗi, da wani bugu kamar ana daka a unguwa mai nisa. Ta ga ba su gane ba. Sai ta ɗora harshe a dasashi ta gwada yi musu. Abin da ya fito bai yi kama da komai ba. Ta sake gwadawa, muryarta ta karye. Babu wanda ya yi dariya.

Zulai ta jira Kubura ta natsu, sannan ta tambaya a hankali ko yaushe za a iya kashe na'urar gaba ɗaya.

Kubura ta dubi ruwan, ta dubi ɗaliban da ke zaune a gabanta, yawancinsu ba su kai shekara ashirin ba.

"Ban sani ba," ta ce. "Ku dai ku koyi gyaranta da kyau. Ku ma za ku koya wa wasu."